Abubuwan da ake gani a sama: baƙi ne daga wata duniya ko ido ne ke ruɗuwa?

Ranar 26 ga Yulin 2023, wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan saman Amurka mai suna David Grusch ya zauna a gaban wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar, ya yi rantsuwa, sannan ya ce gwamnatinsu ta daɗe tana ɓoye tarkacen jiragen da ba ɗan Adam ne ya ƙera su ba, har da ragowar jikin halittun da ke tuƙa su. Kafin gari ya waye maganar ta karaɗe duniya. Abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba shi ne, Grusch bai ce ya ga jirgin ko gawar da idonsa ba. Cewa ya yi mutum sama da 40 ne suka ba shi labari a cikin shekara 4 da ya yi yana bincike. Hoto ko takarda ko guntun ƙarfe, babu wanda ya ajiye a kan teburin.

Masu sha'awar wannan batu sukan ce ruwa ba ya tsami banza, kuma da gaskiyarsu: mutane suna ganin abubuwa a sama, cikinsu har da matuƙan jiragen yaƙi waɗanda ba su da ribar yin ƙarya. Inda ake samun tuntuɓe shi ne cakuɗa tambayoyi uku wuri ɗaya. Ko akwai masu rai a wata duniyar ban da tamu, tambaya ce daban. Ko sun taɓa zuwa nan, wata ce daban. Ko gwamnatin Amurka tana ɓoye wani abu, ita ma daban take. Masana taurari da yawa za su ce maka ta farko mai yiwuwa ce ƙwarai. Ta uku kuwa amsarta e ce, an ma kama gwamnatin da ƙarya dumu-dumu. Amma ko ka haɗa waɗannan amsoshi biyu, ba za su ba ka amsar ta tsakiya ba, alhali ita ce ake ta hayaniya a kanta. Kalmar UFO kanta, wadda ake kiran waɗannan abubuwa da ita a Turance, ba ta ce komai game da baƙi ba, iyakacinta abin da aka gani yana shawagi ba a tantance shi ba.

Labarin a sigarsa ta yau ya soma ne ranar 24 ga Yunin 1947. Wani ɗan kasuwa mai tuƙa ƙaramin jirginsa, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa 9 masu ƙyalli suna tafiya a jere kusa da dutsen Rainier a jihar Washington. 'Yan jarida suka buga cewa ya ga faranti mai tashi. Daga baya Arnold ya ce ba a fahimce shi ba, shi yanayin tafiyarsu ya kwatanta, kamar a wurga faranti a kan ruwa yana tsalle-tsalle. Amma alƙalami ya riga ya bushe. A makonnin da suka biyo baya ɗaruruwan Amurkawa suka shiga ba da rahoton ganin faranti a sama, wato siffar da jarida ta ba su.

Ana cikin wannan zazzaɓi sai ga maganar Roswell, wadda ita ce uwa ma ba da mama a wannan fage. Wani mai kula da gonar kiwo a jihar New Mexico, Mac Brazel, ya tsinci tarkace a fili. Ranar 8 ga Yulin 1947 sansanin sojan sama na Roswell ya fitar da sanarwa cewa an samu faranti mai tashi. Ba a kwana ba Janar Roger Ramey ya ƙaryata, ya ce balan-balan ce ta auna yanayi. Abin da Brazel kansa ya lissafa wa jaridar garin bai yi kama da kayan wata duniya ba: guntayen roba, takardar ƙarfe mai sheƙi, takarda mai kauri, 'yan sanduna, da salatif mai zanen furanni. Daga nan maganar ta mutu murus har kusan shekara 30. Sai a 1978 wani mai bincike, Stanton Friedman, ya yi hira da Jesse Marcel, jami'in da ya kwaso tarkacen, shi kuma ya ce abin da ya gani ba na duniyar nan ba ne. Tun daga nan labarin ya yi ta ƙiba. Gawarwakin da babu wanda ya ambata a 1947 suka shigo ciki, wuraren da aka ce jirgin ya faɗi suka ƙaru, shaidu suka yi ta ɓullowa kowa da nasa.

To, shin Janar Ramey gaskiya ya faɗa? A'a, kuma a nan ne abin ke da daɗin bibiya. A 1994 rundunar sojan sama ta fitar da rahoto ta ce tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul. A lokacin Amurka kaɗai ke da bam ɗin nukiliya, kuma hankalinta a tashe yake kan ranar da Tarayyar Sobiyat za ta gwada nata. Sai aka ƙirƙiro dabarar ɗaura balan-balan masu yawa a doguwar igiya, a rataya musu na'urorin sauraro, a sake su can ƙololuwar sama ko za su jiyo rugugin gwajin bam daga nesa. Daga Alamogordo ake sakin su, a cikin jihar ta New Mexico, kuma akwai waɗanda aka saki a watan Yunin 1947. Jikin igiyar akwai wasu allunan takardar ƙarfe da sanduna da aka maƙala don na'urar radar ta riƙa hango su. Sobiyat ta gwada bam ɗinta a Agustan 1949. Kenan sojoji sun yi rufa-rufa, amma abin da suke rufewa nasu ne, kuma Rasha suke ɓoye wa.

Irin wannan ta sake faruwa da jirgin leƙen asiri na U-2, wanda aka fara gwadawa a 1955 a wani keɓaɓɓen fili cikin hamadar Nevada, wurin da duniya ta sani yau da Area 51. Jiragen fasinja na lokacin ba su cika wuce ƙafa 20,000 ba, shi kuwa U-2 yana haura ƙafa 60,000, tsayin da matuƙa ba su san akwai jirgin da ke kaiwa ba. Da magariba, duhu ya riga ya rufe jirgin fasinja, amma can sama rana tana dukan fukafukan U-2 masu ruwan azurfa, sai matuƙi ya ɗaga kai ya ga wani abu yana ci kamar wuta. Masu binciken soja sukan duba jadawalin tashin U-2 su gane abin da aka gani, amma ba su da izinin faɗa, sai su ƙirƙiro wani bayani. Wani masanin tarihi na hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ya rubuta a 1997 cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 daga irin waɗannan jirage suka samo asali. Wasu masu bincike suna ganin an zuzuta wannan adadi, ni ma ina ganin ya yi yawa. Sai dai ɓarnar ta riga ta auku: wanda aka yi wa ƙarya sau biyu, ko ka zo masa da gaskiya a na uku ba zai saurare ka ba.

Daga 1952 zuwa 1969 rundunar sojan sama ta riƙe wani ofishi na musamman, Blue Book, don tattara irin waɗannan rahotanni. Idan aka haɗa da na shirye-shiryen da suka gabace shi, rahoto 12,618 aka tara, aka rufe ofishin da guda 701 da ba a gano ko mene ne ba. Masu cewa baƙi sun zo sukan riƙe 701 ɗin nan kamar hujja. Amma sai a tambaya, me ya hana a gano su? Galibi ba don abin ya gagari ilimi ba ne, sai don bayanin da aka samu bai isa ba: mutum ɗaya, da dare, daƙiƙa kaɗan, babu hoto, babu takamaiman lokaci ko alƙibla. Sauran dubban da aka samu cikakken bayani a kansu sun tashi a jirage, balan-balan, taurari, tsuntsaye, gajimare. Ƙa'idar da ta yi ta maimaita kanta ita ce, duk sa'ad da bayani ya ƙaru, abin mamakin sai ya ragu.

Ido kuwa ba abin dogaro ba ne a sararin sama, komai gaskiyar mai shi. A ƙasa muna gane nisan abu da girmansa ne saboda akwai bishiya ko gini ko mutum a gefensa. A sama babu ko ɗaya. Ɗigon haske zai iya zama fitilar ƙaramin jirgi maras matuƙi a nisan mita 200, zai iya zama jirgin fasinja a nisan kilomita 50, zai iya zama Zara matar wata a nisan miliyoyin kilomita. Wanda ya yi kuskuren nisa dole ya yi kuskuren girma da gudu. Zara ta sha ruɗar mutane fiye da kowane abu a sama, domin idan ta sauko kusa da ƙasa iska takan sa haskenta ya riƙa rawa yana sauya launi, wanda ke cikin mota kuma sai ya ga kamar bin sa take yi. Ƙwarewa ma ba ta hana wannan. A Janairun 1948 wani matuƙin jirgin yaƙi, Kyaftin Thomas Mantell, ya bi wani farin abu a sararin jihar Kentucky, ya yi ta haurawa ba tare da iskar shaƙa ba har ya suma, jirgin ya faɗo ya mutu. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne wata ƙatuwar balan-balan ce ta wani shirin sojan ruwa da shi bai san da shi ba. A zamaninmu kuma an samu ƙarin masu ruɗarwa. Tun Mayun 2019 da kamfanin SpaceX ya fara harba taurarin ɗan Adam na Starlink guda 60 a tashi ɗaya, mutane a ƙasashe da dama suke ganin fitilu a jere suna ratsa sama shiru, su ɗauka wani abu ne.

Abin da ya dawo da batun bakin manya shi ne rahoton jaridar New York Times na Disambar 2017, wanda ya tona cewa ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta kashe dala miliyan 22 a wani shirin binciken irin waɗannan abubuwa, bisa matsin Sanata Harry Reid. A tsakanin lokacin ne bidiyo uku na jiragen yaƙin sojan ruwa suka fito, kuma a Afrilun 2020 Pentagon ta tabbatar da cewa na gaske ne. Mutane da yawa suka fahimci wannan a matsayin amincewa da zuwan baƙi, alhali abin da aka tabbatar kawai shi ne kyamarar soja ce ta ɗauke su.

Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira GoFast, ya cancanci a tsaya a kansa. A ciki ana ganin wani ɗan farin abu kamar yana sheƙa gudu dab da saman teku, matuƙan suna ihun mamaki. Sai dai a gefen hoton na'urar jirgin tana rubuta alƙaluma: tsayin jirgin, kusurwar kyamara, da nisan abin. Da aka yi lissafi da waɗannan alƙaluma sai aka ga abin ba ya kusa da ruwa sam, yana wajen ƙafa 13,000 a sama, kusan rabin tazarar da ke tsakanin jirgin da teku. Kwamitin masana da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa ya ƙiyasta gudunsa da kimanin kilomita 64 a awa, wato gudun iska a wannan tsayi. To daga ina gudun da ake gani ya fito? Daga jirgin da ke ɗaukar hoton. Duk wanda ya taɓa zama gefen taga a mota ya san yadda turakun lantarki na bakin titi suke fyallawa a guje idan ka auna su da dutsen da ke can nesa, alhali suna nan a kafe. Haka abin yake a nan, teku ce dutsen. Wani bidiyon da ya nuna fitilu masu kusurwa uku suna ƙyaftawa a kan jirgin ruwan yaƙi, wani babban jami'in leƙen asirin sojan ruwa, Scott Bray, ya bayyana wa majalisa a Mayun 2022 cewa jirage marasa matuƙa ne, siffar kusurwa ukun kuma ta fito ne daga ɗaukar hoto ta cikin tabaran ganin dare.

Ba duka aka warware ba, kuma bai kamata a yi kamar an warware ba. A Nuwamban 2004, a tekun kudancin California, Kwamanda David Fravor da abokan aikinsa daga jirgin ruwan Nimitz sun ce da rana tsaka suka ga wani farin abu mai tsawon kusan ƙafa 40, ba fukafuki ba hayaƙi, yana motsin da ba su san jirgi na yi ba, sannan ya ɓace. Mutum huɗu ne a jirage biyu, kuma an tura su wurin ne saboda abin da radar ta nuna. Har yau babu bayanin da ya gamsar da kowa. Amma a lura, bidiyon da ake haɗawa da wannan labari wani matuƙin ne ya ɗauka daga baya, ɗigo ne mai dishi-dishi, kuma bayanan radar ɗin ba su a hannun jama'a. Abin da ya rage mana shi ne shaidar mutane masu mutunci a kan abin da ya ɗauki 'yan mintuna. Wannan ya isa a ce ba a sani ba. Bai isa a ce daga wata duniya ya zo ba.

Rahoton da ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya fitar a Yunin 2021 ya duba rahoto 144, guda ɗaya tak ya iya tantancewa, balan-balan ce da ke sacewa, kuma ya ɗora laifin a kan ƙarancin ingantaccen bayani. Abin da ya fi damun sojoji ma ba baƙi ba ne, Sin da Rasha ne. A Fabrairun 2023 aka harbo balan-balan ɗin Sin a gaɓar South Carolina. Da aka sassauta matatar radar don ta daina watsi da ƙananan abubuwa masu tafiyar hawainiya, sai ga sama cike da tarkace. Cikin kwana uku aka harbo abubuwa uku da makamai masu linzami da kowanne ya haura dala 400,000, daga baya Shugaba Biden ya ce da alama balan-balan ne na kamfanoni ko masu bincike ko masu wasa.

Akwai kuma masu cewa ba gani kawai suka yi ba, ɗauke su aka yi. Labarin da ya zama abin koyi shi ne na Betty da Barney Hill a New Hampshire a 1961. Cikakken bayanin shiga jirgin bai fito ba sai a 1964, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Benjamin Simon ya riƙa sa su cikin wani yanayi tsakanin barci da farke yana yi musu tambayoyi, kuma shi likitan da kansa ya karkata ga cewa mafarkan Betty ne tushen labarin. Yawancin irin waɗannan labarai a kan gado suke farawa: mutum ya farka, jiki ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, ya ji akwai wani a ɗakin. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, dannau ne. Likitoci sun ce a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kulle gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, wani lokaci sai hankali ya farka kullin bai sake ba, mafarkin ya zubo cikin ɗaki. Masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, Susan Clancy da Richard McNally, sun yi nazarin masu cewa an ɗauke su, suka tarar ba mahaukata ba ne, ba kuma maƙaryata ba, da yawansu dannau ya kama su suka nemi fassara. Kowace al'umma da fassarar da take ba shi, Ba'amurken da ya tashi da labaran faranti mai tashi ya ba shi tasa.

A Afirka labarin da ya fi shahara shi ne na makarantar Ariel da ke garin Ruwa a Zimbabuwe. Ranar 16 ga Satumban 1994 yara kimanin 60 suka ce sun ga wani abu ya sauka bayan filin wasa, da wasu halittu masu manyan idanu. Malamai suna taro a ciki, babu babba ko ɗaya da ya gani. Kwana biyu kafin nan wata wuta ta ratsa sararin kudancin Afirka da dare, gangar rokar Rasha ce ta dawo tana ƙonewa, kuma maganar baƙi ta cika gari. An yi wa yaran tambayoyi a rukuni, kowa yana jin amsar ɗan'uwansa. Ban ce yaran sun shirya ƙarya ba, da yawansu har sun girma suna kan bakansu. Amma duk alƙalin da ya san aikinsa ya san abin da ke faruwa da shaida idan shaidu suka zauna wuri ɗaya kafin a saurare su.

Sai maganar nisa, wadda masu labarin baƙi ba su cika son a tayar ba. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya yi sama da shekara 4 kafin ya iso mana daga Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa, da can ya nufa sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Wannan bai haramta zuwan ba, wata halitta za ta iya fin mu ilimi nesa ba kusa ba. Yana dai da wuyar haɗiya a ce masu fasahar ƙetare wannan tazara lafiya su zo su yi hatsari a gonar kiwo, kuma mafi yawan ziyararsu ta ƙare a Amurka, kusa da filayen atisayen soja.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Idan abu na gaske ya shigo daga sama, ana ganin sa a ƙasa. Ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani dutse ya fashe a sararin Chelyabinsk a Rasha, ba sanarwa, cikin daƙiƙoƙi. Kyamarorin motoci da na gine-gine masu yawa suka ɗauke shi ta kusurwoyi daban-daban, har masana suka lissafa hanyar da ya biyo, kuma a watan Oktoba aka tsamo guntunsa mai nauyin sama da kilo 500 daga wani tafki. Yau biliyoyin mutane ke yawo da kyamara a aljihu, amma hoton jirgin baƙi bai ƙara fitowa sarai ba.

Mu ma nan an taɓa yi mana baƙo daga wata duniya, na gaske. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da Zagami a lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. An yanka shi, an rarraba wa ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban, aka samu iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da iskar duniyar Mars kamar yadda kumbunan Viking suka auna ta a 1976. Wani dutsen na Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan kimanin dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi daga ƙasar. Babu mai gardama kan asalin waɗannan duwatsu, domin duk mai shakka zai iya karɓar guntu ya auna.

An yi wa kayan baƙin irin wannan awo. Ofishin AARO, wanda Pentagon ta kafa a 2022 don wannan aiki, ya bi diddigin zarge-zargen ɓoye jirage tun daga 1945, kuma a rahotonsa na Maris 2024 ya ce bai samu shaidar fasahar wata duniya ba, yawancin labarin mutane kaɗan ne ke ta maimaita wa juna. Akwai wani guntun ƙarfe da ya daɗe yana yawo a hannun masu wannan ra'ayi, ana cewa daga jirgin da ya faɗo a 1947 aka ciro shi. Ofishin ya aika da shi ɗakin binciken gwamnati na Oak Ridge a jihar Tennessee. Sakamakon ya nuna haɗin magniziyam ne da tutiya da wasu 'yan ƙarafa, kuma sinadaransa na wannan duniyar ne.